Ranar da Baba ya bi gauraka

Tun da Malam Hayatu ya yi ritaya daga koyarwa, shi da 'yarsa Juwairiyya suka ɗauki al'adar fita ɗaukar hoton tsuntsaye. Kowace Asabar bayan sallar asuba sukan bar gidansu na Ƙofar Rini su nufi fadamar Kwalkwalawa, bakin gulbin Rima, kowa da kyamararsa a wuya. Ita ke tuƙi, don ciwon suga ya fara taɓa masa ido.

Ran nan Juwairiyya ta durƙusa tana jiran wani zalɓe ya cafko kifi. Ta daɗe a haka. Da ta samu hoton, sai ta juyo don ta nuna wa mahaifinta, ta ga wayam.

"Baba!"

Babu amsa. Ta kira wayarsa, sai ta ji tana ƙara a cikin mota. Ga kuma ƙunshin dabinonsa a kan kujera, wanda yakan ci idan jiri ya taso masa. Gabanta ya faɗi, domin ko karyawa bai yi ba.

Ta ɗauki dabinon ta bi gaɓar gulbi da gudu, tana leƙa cikin dogayen ciyayi. Duk inda ta ga ruwa ya motsa sai ta tsaya ta duba. Can ta tarar da wani masunci yana gyaran komarsa.

"Sannu da aiki, Malam. Don Allah ba ka ga wani dattijo da farar riga ba?"

"Mai abin hoto? Na gane shi, nan yab bi. Ni dai na ce mai wajen ga akwai laka, amma bai jiya ba."

Masuncin ya ajiye koma ya shiga gaba, ta bi shi tana salati, ciyawa na yankar mata ƙafa. Bayan wata gonar shinkafa suka hango shi. Ya nutse a laka har cinya, ya ɗaga kyamara sama da hannu biyu, gumi ya jiƙa masa riga.

"Baba! Ina ta kira, mi yas sa ba ka amsa ba?"

Muryarta ta tashi wasu gauraki biyu daga cikin shinkafa, suka yi sama suna kuka.

"Kin kore su, ɗiyata," ya ce. "Rabona da ganin gauraka a nan tun ina saurayi. Na jiya ki sarai. In na amsa, tashi za su yi."

Masuncin ya miƙa masa wata doguwar sandar gora, suka ja su biyu har ya fito, takalmansa suka tsaya a ciki. Yana taka busasshiyar ƙasa jiri ya kwashe shi, ya zauna daɓas. Juwairiyya ta riƙa tura masa dabino a baki tana hawaye, har idonsa ya washe.

A mota ya buɗe hotunan. Yawancinsu sun yi dishi-dishi saboda rawar hannu, amma akwai ɗaya da tukkun gaurakar ya fito tar, rana na haska shi.

"Kar ki hwaɗa ma Innarki," ya ce a hankali.

"Wallahi sai na hwaɗa," ta ce. Ta saka makulli ta tayar da mota.