Burodin Marigayi

Motar Tsafe ba ta gama fita daga tashar Gusau ba, Esta ta kwance ledar da ke kan cinyarta, ta fara gutsura burodi tana miƙa wa fasinjoji. Ba ta da abin yi a Tsafe. Don mutanen da ke cikin motar ta shigo.

"Ku ɗanɗana," ta ce. "Na wata ƙawata ne. Ta ce in jiyo mata bakin jama'a, ko akwai abin gyara."

Ƙarya ce, kuma ta yi mata nauyi a baki. Burodin nata ne, ko a ce na mijinta Luka, wanda ya rasu a hatsarin mota a hanyar Bungudu da daminar bara. Ya bar mata yara biyu da gidan burodi. Tun daga nan ciniki yake zamewa: masu shayi su karɓa da safe, su dawo da rabi da yamma. Ta zaga su tana tambaya, ta tambayi matan zumunta a coci, ta tambayi maƙwabta. Kowa sai ya sunkuyar da kai ya ce burodi lafiya lau, Allah ya ƙara haƙuri. Mutanen garin nan in suna tausayinka, kara za su yi ta yi maka har yunwa ta kashe ka. Ga wan mijinta Jonathan ya zo daga Zuru ya tare a gidan, maganarsa ɗaya: in abin bai tashi ba a sayar da wurin, ta kwashi yara su koma gida kafin Kirsimeti.

Dattijon da ke gefenta, Malam Labbo, manomi daga Wanke, ya daɗe yana tauna.

"Ɗiyata, ƙawar taki tana cikin motar ga?"

"Tana Gusau, Baba."

"To ki ce mata wanga ba abinci ba ne, auduga ce. In ci shi in tahi gona? Kahin in kai, yunwa ta riga ni zuwa."

Aka yi dariya, bakin kowa ya buɗe. Wata mai goyo ta ce sukari ya yi yawa, in aka haɗa da shayi sai ya hau kai. Wani malamin makaranta ya ce girman ya fi ƙarfin mutum ɗaya, a yi ƙanana waɗanda lebura zai saya ya cinye a tsaye. Direba ya ce da zafi ake ƙulle shi a leda, ya yi gumi, kwana ɗaya ya yi funfuna. Wata tsohuwa ta ce a gasa shi ya yi ɓawo, yadda za a yaga a cusa ƙosai bai dagargaje ba. Nan gardama ta kaure, kowa na kare ra'ayinsa kamar gidan burodin gadonsa ne.

Esta ba ta bar ko ɗaya ya wuce ta ba. Amma kowace magana sai da ta soke ta, domin duk abin da suke kushewa shi Luka yake alfahari da shi. Laushin nan da zaƙin nan ya ɓata shekaru yana nema. Yakan danna burodi da babban yatsa, ya tsaya yana kallo har ya taso, ya juyo ya yi mata murmushi. Kewarsa ta kama ta a tsakiyar hayaniyar, ta juya fuska wajen taga.

A Kwatarkwashi motar ta tsaya ɗaukar fasinja. Wanda ya shigo Attahiru ne, mai shayi, tsohon mai karɓar burodinsu.

"A'a, Maman Nasara, ke ce a hanya?" ya ce wa Esta. Idonsa ya faɗa kan ledar. "Allah sarki, burodin marigayi. Ai ita ke riƙe da gidan tun da mijinta ya rasu."

Mai goyo ta sunkuyar da kai, direba ya kama gyaran madubi.

"Subhanallahi," in ji Malam Labbo. "Ɗiyata, ki yahe muna. Wasa mukai. Burodi ya yi kyau ƙwarai."

"Wallahi ya yi," in ji tsohuwar. "Allah shi ba ki haƙuri."

"Baba, don Allah kada ku janye," Esta ta ce. "Shekara guda ana ce mini ya yi kyau."

Haka aka tafi, sai ƙarar inji, har Tsafe. Da za a sauka Malam Labbo ya saɓa buhunsa, ya tsaya a bakin ƙofa bai dube ta ba.

"Ki rage sukari, ki ba shi nauyi," ya ce a hankali. "Wanda ya tahi ba ya jin yunwa. Yara ka jin ta."

La'asar ta yi kafin ta dawo Gusau. Ta tarar da Ibrahim, mai kwaɓin da ya fara aiki tun zamanin Luka, ya zuba fulawa yana auna sukarin gobe yadda aka saba. Jonathan na zaune a kan benci bakin ƙofa.

"Tsaya, Malam Ibrahim."

Ta karɓi kwanon daga hannunsa. Ta tsaya da shi jim kaɗan, sannan ta mayar da rabi cikin buhu.

Jonathan ya miƙe. "Esta, ba haka ɗan'uwana yake yi ba."

"Na sani, Yaya," ta ce. "Ba za mu je Zuru ba."

Ta naɗe hannun riga, ta ce wa Ibrahim ya ƙaro fulawa.