Lamba Tara a Gindin Hasumiya

Kowa a gidan surukanta yana da lamba. Mijinta ne ya ƙirƙiro abin tun yana ɗan makaranta, bayan wata rana da ƙaninsa Auta ya ɓace musu a tashar jirgin ƙasa. Daga ranar, duk inda suka fita gaba ɗaya, kafin a bar wuri sai ya tafa hannu sau biyu ya ce, "Lamba!" Baba ya ce ɗaya, Inna ta ce biyu, Yaya uku, shi huɗu, haka har ƙarshe. Wanda ya shigo gidan, ta aure ko ta haihuwa, ya ɗauki lambar da ke gaba. Ita tara ta samu. 'Yarsu Ɗigo, wadda aka haifa 'yar mitsitsiya har uban ya laƙaba mata wannan suna, ita ce sha biyu.

Wata goma sha huɗu ke nan da rasuwarsa, kuma tun lokacin babu wanda ya sake tafa hannu. Bakin kowa ya kasa tsallake huɗu. Yaya ne ya karɓi aikin, amma shi da yatsa yake ƙirga kawuna, leɓensa na motsi, ya ce, "Sha ɗaya. Mun cika, mu je."

Duk shekara sukan je tsohuwar fadar dutsen nan da ke kan tudu, ranar da ake buɗe ta ga iyalai. Bara ba su je ba. Bana Inna ta kira ta a waya ta ce, "Ranar Asabar za mu fada, ki shirya mana yarinyar." Kwana uku Maman Ɗigo tana juya maganar a ranta. Ki shirya mana yarinyar. Ba ta ce ku shirya ba. Mahaifiyarta kuwa ta dame ta da ta tattaro ta dawo gida, ɗaki na nan a share, me take jira a garin mutane? Ta yi mata alkawarin amsa bayan Asabar. Abin da take son sani, ba ta kuma da wanda za ta tambaya, shi ne ko har yanzu ita 'yar gidan ce, ko kuwa mai kawo musu jika ce kawai.

Ta dai shirya. Ta dafa ƙwai, ta yanka burodi, ta cika fulas biyu da shayi, ɗaya babu sukari saboda Baba. Ta sa rigar sanyin Ɗigo da filasta da wando na canji. A aljihun yarinyar ta cusa takarda mai ɗauke da lambar wayarta, ta maƙale da fil.

Fadar ta cika maƙil. An rataya tutoci a kan ganuwa, masu busa da masu ganga suna zagaya fili, wasu samari sun sha sulke suna karawa da takubban katako, yara na ihu. Baba ya riƙe hannun Ɗigo yana tsokanarta.

"Uwargida, yau fa gidanmu na kawo ki. Kin ga ɗakinki can sama."

"Ni ba na son miji mai sanda," in ji Ɗigo.

"Ji mini yarinya! Sandar ado ce."

Aka yi dariya. Maman Ɗigo ma ta yi, daga baya, inda take tafe da kwando a hannu ɗaya, kujerar Baba mai naɗewa a ɗayan. A gabanta Auta ne da amaryarsa, wata biyu da aure, suna tafiya kafaɗa na gogar kafaɗa. Wannan ce fitar Amarya ta farko da dangi.

A ƙofar hasumiya wani mai gadi mai furfura ya ɗaga hannu. "Jaka ba ta hawa. Matakalar ƙunci gare ta, mutum ɗaya ɗaya."

Aka tsaya ana kallon kayan. Kafin kowa ya buɗe baki ta ce, "Ku hau, zan zauna da su." Ta saba riga kowa faɗin haka, don kada ta ji wani ya faɗa mata.

"Maman Ɗigo sarkin tsoro," in ji Auta. "Ki dai ce jiri kike ji."

"Kai da ka ɓace a tasha har aka yi maka lamba, kai ne mai bakin magana?"

Ta durƙusa gaban Ɗigo, ta sake ɗaure mata igiyar takalmi, ƙulli biyu. "Hannun dama a igiyar bango, na hagu a rigar Baba Auta. Ba gudu. In kin kai sama, kar ki leƙa ta tsakanin duwatsun. Me na ce?"

"Kar na leƙa."

Ta miƙa wa Amarya wayarta. "Don Allah ki ɗaukar mini hotonta a can sama."

Duhun ƙofar ya haɗiye su ɗaya bayan ɗaya. Ta ji muryar Baba yana mita da wanda ya gina matakalar, ta ji 'yan biyun Yaya suna ƙirga hawa, sannan ba ta ƙara jin komai nasu ba.

Ta jera jakunkunan jikin bango, ta buɗe kujerar Baba, amma ba ta zauna a kai ba, ta zauna a kan dutse kusa da ita. Wurin inuwa ne, bangon yana fitar da sanyi kamar randa. Wancan zuwan, ita da mijinta suka tsaya nan, domin Ɗigo ta yi barci a kafaɗarsa. Ya nuna mata wani rami a bango ya ce nan sarki yake ɓoye alawa kada matarsa ta gani, ya rantse ya karanta a littafi. Ramin na nan. Wani ya cusa takardar biskit a ciki.

Iyalai suna zuwa suna shiga. Wata mata ta ce, "Baiwar Allah, ke ce mai ajiyar kaya?" har ta fara sauke jakarta. Maman Ɗigo ta ce a'a, ita ma jira take. Ta zuba shayi a murfin fulas, ya huce a hannunta. Inuwar hasumiyar ta janye daga ƙafafunta, rana ta hau kan kwandon, ta matsar da shi saboda ƙwan. Ta ɗaga kai, ba ta hango komai a sama ba sai tuta da tsuntsaye.

Sai can ta lura da abin da ya kamata ta lura da shi tun farko. Mutane shiga kawai suke yi. Ba wanda ya fito.

Ta miƙe. "Baba mai gadi, ta ina ake saukowa?"

"Ta baya mana, 'yata. Bana aka canza. Nan hawa, can sauka, sai ka faɗa lambu." Ya dubi kayan, ya dube ta. "Masu tsoho mai sandan nan? Ai sun fi awa da sauka."

Ba kanta ta fara tunawa ba. Awa guda, taron nan, yarinya 'yar shekara shida, ga rijiyar fadar da aka rufe da ƙarfe mai faɗin ramuka, ga wayar da lambarta ke aljihun Ɗigo tana hannun Amarya. Ta rataya jaka biyu a kafaɗa, ta saƙala kujerar a hammata, kwando a dama, fulas da lemar Inna a hagu. Ta bi gefen ganuwa tana "gafara dai, gafara dai", duwatsun ƙasa na gurɗa mata ƙafa.

Lambun yana bayan wata 'yar katanga da furanni suka lulluɓe. Ta nan ta hango su. Ɗigo tana kan wuyan Auta, an zana mata malam-buɗe-littafi a kumatu, tana riƙe da balan-balan ja. Lafiyarta ƙalau. Maman Ɗigo ta sauke kwandon, ta jingina da katangar har numfashinta ya dawo.

Da tsoron ya sauka, sai wani abu ya hau wurinsa. Hoto za su ɗauka. Mai hoto yana jera su a gaban maɓuɓɓugar ruwa, dogaye a baya, yara a gaba. Inna tana gyara wa Amarya mayafi. Matar Yaya tana goge wa 'yan biyu baki. Babu wanda yake waige.

"Kun cika?" in ji mai hoto.

Yaya ya ɗaga yatsa, leɓensa ya yi motsi. "Sha ɗaya. Mun cika."

Ta ji shi sarai. Ta kuma gane lissafin nan take: sha biyu, a cire mamaci, sha ɗaya. Ya manta an ƙaru da Amarya. Ba da mugunta ba ne, ta sani, kuma sanin bai rage mata komai ba. An cika ba ita. To, ga amsar da za ta ba mahaifiyarta.

"Mamana ba ta nan," in ji Ɗigo daga sama.

"Tana nan mana, na ƙirga," in ji Yaya, idonsa a kan mai hoto. "Kowa ya kalli can."

"Ba haka ake yi ba!"

Yarinyar ta saki balan-balan ɗin. Ta tafa hannu sau biyu a saman kan Auta. "Lamba!"

Wurin ya yi tsit, sai gangar da ake bugawa can nesa. Baba ya dubi ƙasa, ya gyara riƙon sandarsa.

"Ɗaya," ya ce.

"Biyu."

"Uku."

Babu wanda ya motsa. Mai hoto ya sauke kyamararsa yana kallonsu ɗaya bayan ɗaya. Inna ce ta ce a hankali, "Allah ya jiƙansa. Ku ci gaba."

"Biyar," in ji ƙanwar mijinta. Auta ya ce shida, matar Yaya bakwai, babbar 'yarsu takwas.

Maman Ɗigo ta buɗe baki, ta rufe. Ba ta taɓa barin a jira ta ba, amma yau tana son ta ga tsawon shirun. Kawuna suka fara juyawa. Amarya ta dubi wayar da ke hannunta kamar yanzu ta faɗo mata. Inna ta dafe ƙirji.

"Wayyo ni! Mun bar ta da kaya!" Ta juya kan Yaya. "Kai da ƙirgarka ta yatsa! 'Yata tana can a zaune tun ɗazu, mu muna nan muna shan kiɗa?"

"Inna, wallahi sha ɗaya na samu, na ɗauka..."

"Rufe mini baki."

Ba ta aiki kowa ba. Ta tattare zaninta ta nufi hanyar hasumiya da ƙafafunta masu kumburi, waɗanda suka hau bene suka sauko, tana ɗingishi tana sauri. Saura taku uku ta wuce katangar.

"Tara," in ji Maman Ɗigo.

Inna ta tsaya. Ta dubi jakunkunan, ta dubi shatin da igiyar kwando ta yi mata a hannu. Ba ta ba da haƙuri ba, ba halinta ba ne. Ta dai ciro jakar daga kafaɗarta ta rataya a tata, ta ƙwala wa maza kira su zo su kwashi sauran, ƙattin banza.

"Goma! Sha ɗaya!" in ji 'yan biyu a tare.

"Sha biyu!" Ɗigo ta zamo daga wuyan Auta ta rugo ta rungume ƙafafun uwarta. "Mama, ban leƙa ba. Sau ɗaya kawai."

Aka sake jeruwa. Amarya ta miƙo wayar da hannu biyu, ta ce a kunyace, "Ni fa ba ni da lamba."

"Ai akwai wadda ba..." Yaya ya fara, ya haɗiye sauran.

Inna ta juyo ta dubi Maman Ɗigo, sauran ma suka dube ta.

"Huɗu da mai ita," in ji Maman Ɗigo. "Ke sha uku ce."

Hoton ya fito da ita a can gefe, fulas ɗin Baba a hannunta, idonta a kan igiyar takalmin Ɗigo da ta sake kwancewa. A mota, da yamma, yarinyar ta yi barci a cinyarta, malam-buɗe-littafin ya goge a jikin zaninta. Kujerar da ke kusa da taga babu kowa a kai, ta ajiye kwandon a wurin. Ta duba waya ta ga mahaifiyarta ta kira sau biyu. Ta daɗe tana kallon fitilun hanya da aka fara kunnawa, sannan ta rubuta mata: "Ina nan tukuna, Umma. Za mu zo hutu."

Direba ya tayar da mota. Daga gaba Inna ta waigo ta ce, "A tashi uwargidan Baba ta kira mana lamba, ko kuwa ke za ki kira?"

Ta janye hannunta daga ƙarƙashin kan Ɗigo a hankali, ta tafa sau biyu.