Gurbin da Na Bar wa Gwaggo Lai'atu

Saura sati uku bikin sallamar yayata Yemima, Kawu Ezekiyel ya ja ni gefe bayan an tashi daga coci. Ya ce dangin ango daga Kalaba za su zo, ba mai jin Hausa a cikinsu. Saboda haka da Turanci za a yi jawabin godiya, kuma ni zan yi.

"Kai dai ka ishe ni da maganar Abuja," in ji shi. "Abokina mai otal yana neman mai karɓar baƙi. In ba ka ba mu kunya ba, ni da kaina zan kai ka. In ka yi shirme, ka riƙe kekenka."

A aji uku na sakandare na ajiye biro. Na yi gyaran waya na gaji, na yi dakon citta a Kwoi na gaji, yanzu keke napep nake ja tsakanin tasha da jami'a, shi ma ya fita raina. Turancina na titi ne, buroka. Sai na sayi wani ɗan littafi mai jan bango a bakin kasuwar Kafanchan, cike da karin maganar Turawa. Kullum da rana nakan ajiye keke a rumfar abokina Misbahu mai sayar da caja, in yi ta hadda.

"Ka ji wannan," na ce masa. "In ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, wai kyanwoyi da karnuka ne ke zubowa."

"To, Bature, a bikin ne za a yi ruwan karnukan? A Disamba?"

"Kai ba ka san komai ba."

"Na san dai bakinka ya kusa karyewa."

A wurinmu godiya ba magana ɗaya ba ce. Sunaye ake kira bi da bi: fasto, dattawa, mai unguwa, zumuntar mata, mawaƙa, har wanda ya ba da aron kujeru. Wanda aka tsallake, kamar an zage shi ne a bainar jama'a. Na jera sunayen a takarda, kowa na nema masa ado daga littafin. Fasto ya zama ginshiƙi, wato "a pillar of strength". Zumuntar mata "went the extra mile". Kaleb da ya ba mu aron janareta ma ya samu "a friend in need".

Da na zo kan Gwaggo Lai'atu sai na tsaya cak. Ƙanwar babanmu ce. Mamarmu ta rasu ina wata huɗu, Yemima na shekara uku, Gwaggo ce ta goya mu, da kunun da take sayarwa a tashar jirgi muka girma. Abin da na samu a littafin shi ne "aunt". Haba! Anti fa nake ce wa duk matar da ta shiga kekena. Na juya littafin gaba da baya, akwai na mai rowa, akwai na mai surutu, babu na Gwaggo. Na bar mata layi uku babu rubutu, kan cewa zan dawo in na sami babbar kalma. Hadda ta ɗauke min hankali, ban dawo ba.

Ranar biki da la'asar aka miƙo min makirfo. Bakina ya buɗe. Mutanen Kalaba suna tafi, wani tsoho a cikinsu har da ɗaga hula. Na hango Kawu yana gyaɗa kai. Idona na bin rubutu layi layi, ya tsallake farin wurin ya wuce. Na zauna ina jin ƙamshin Abuja.

Sai aka zo miƙa amarya. Al'adarmu ce, wadda ta raini yarinya ita ke kama hannunta ta miƙa, sannan a ɗauki akwatinta. Aka nemi Gwaggo, aka same ta zaune daram a kan akwatin, ta harɗe hannu.

"Mama, ana jira," in ji Kawu.

"Ni ba na jin Turanci," ta ce, "amma na san sunana. Na kasa kunne daga farko har ƙarshe. Na ji Kaleb mai janareta. Shi ya goya su, ko? A kira shi ya miƙa ta."

Kiɗa ya tsaya. Yemima ta juyo gare ni, hoda duk ta jiƙe. "Azariya, ka kashe ni."

Na durƙusa gaban akwatin da makirfo a hannu. Ban san abin da na fara da shi ba, Hausa ce dai ta zo, da yarenmu a ciki. Na faɗi kunun, na faɗi zanin goyon da har yau yana cikin ɗakinta, na faɗi ranar da ta bi ni da muciya har bakin makaranta don in koma aji. Ta bar ni a durƙushe har ƙafafuna suka yi tsami, sannan ta miƙe.

Tsohon nan mai hula ya tambayi abin da ke faruwa. Kawu ya dube ni. "Fassara musu."

Na buɗe baki. Ginshiƙai da karnuka ne kawai ke yawo a kaina. Anti Bridget, malamar firamare, ta karɓi makirfon ta nuna Gwaggo ta ce, "She carried them on her back." Mutanen Kalaba suka miƙe tsaye gaba ɗaya.

Wato ita ta goya mu a bayanta. Kalma shida. Babu wadda ban sani ba tun ina firamare.

Da ake kwashe kujeru na matsa kusa da Kawu. Bai ko dube ni ba.

"Otal aikin lura da mutane ne," ya ce. "Wanda bai ga uwarsa a gabansa ba, baƙo zai gani? Je ka ɗauko keke, akwai tukwanen da za a mayar."

Gwaggo na ɗauka tare da tukwanen. Da muka isa gida ta ga jan littafin a kan kujera, ta ɗaga shi ta jijjiga.

"Wannan ne ya cinye sunana?"

Ta tafi da shi. Yanzu da shi take fifita wutar kunu.