Matar Yaya Tana Lasar Dutse

Matar yayana mai nazarin duwatsu ce, kuma tun da ta shigo gidanmu babu tagar da ta tsira, kowacce da dutse a kanta. Kamfanin haƙar ma'adinai take wa aiki. Injinsu yana huda ƙasa ya fito da dutse mulmulalle kamar taɓarya, ita kuma ta duba ta faɗi inda za a sake hudawa. Ina ce mata Uwar Duwatsu, tana ce mini Rediyo, kuma duk ba mu yi wa juna ƙazafi ba.

Wata safiya Mama ta leƙa kicin ta same ta a bakin taga, ta ɗauki ɓallen dutse ta lasa, ta kai shi ga haske, ta sake lasa. Mama ta ja da baya a hankali ta faɗo ɗakina.

"Auta, dutse take lasa. Lokacin da nake da cikin yayanki har bangon ɗaki sai da na ɓantara."

"Mama, aikinta ne fa."

"Da harshe ake aikin? Ke me kika sani, ko aure ba ki yi ba."

Auren Yaya ya daɗe babu haihuwa. Mama ba ta taɓa furta komai ba, sai dai in aka haihu a maƙwabta ta dawo daga barka ta wuni ba magana. Shi ya sa na kasa matsa mata.

Daga ranar aka hana Uwar Duwatsu ɗaukar akwatin samfur, aka hana ta hawa bene da sauri, nama kuwa duk a kwanonta yake tarewa, ni da Yaya sai ƙashi. Mama ta ce sirri ne, don haka tela kawai ta gaya wa, sai mai kemis, sai matar da ke zaune a ƙasan benenmu, wadda ta fi ni cancantar sunan Rediyo.

Rannan matar Yaya ta dawo daga aiki ta zauna a bakin gadona.

"Rediyo, me ya sa tela yake tambayata launin da nake so na kayan jariri?"

Na gaya mata. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan dariyar ta tsaya, idonta ya cika. Tausayinta ya kama ni. Na ce bari Yaya ya dawo ya yi bayani, ta ce a'a, da bakinta za ta faɗa.

Ta ɗauki dutsen ta je ta durƙusa gaban Mama a falo, ni kuma na tsaya a ƙofa.

"Mama, ku duba nan. A bushe ba a ganin komai, ƙura ta rufe shi. Sai an jiƙa." Ta lasa ta miƙa mata tare da ɗan gilashin da ke ƙara girman abu. "Kun ga farin layin nan? Jijiya muke ce masa. Can ƙarƙashin ƙasa dutse ya tsage, ɓangare biyu suka goge juna har ya murje. Ruwan zafi ya taso ya bi tsagar, da ya huce ya bar wannan farin dutsen, da zinariya da azurfa a ciki. Shi nake nema. Dukkanmu a wurin aiki haka muke lasa, har mazan."

"Har mazan," in ji Mama.

"Har su. Ba ni da komai, Mama. Ku yi haƙuri."

Mama ta daɗe da gilashin a ido, ta wuce lokacin da ake buƙata don ganin ɗigon zinariyar da bai kai kan allura ba.

"Duk injin nan da zufa, a kan wannan?"

"A kansa."

Ta ajiye dutsen, ta miƙe ta ɗauki mayafinta. Na tambaye ta ina za ta da ranar nan.

"Wurin tela, da mai kemis, da ta ƙasa. Ni na yi shela, ni zan janye ta. In ce musu tsufa ne ya sa na ga abin da babu." Ta juya ga surukarta, wadda har yanzu take durƙushe. "Tashi, 'yar nan. Haƙurin me kike ba ni? Duk wanda ke da tambaya ya zo ya same ni, babu mai tsayar da ke a hanya."