Mai Cuɗa Mata Baya

"Romon ƙashin saniya za ki riƙa ba mijin naki," in ji Bok-rye. "Surukin ƙanwata da shi ya farfaɗo. Sunkuya mana, Maman Tae-min, wannan baya naki sai ka ce allon wanki!"

Mal-sun ta sunkuya. Tun suna 'yan mata suke haɗuwa a gidan wankan matan unguwarsu a garin Mokpo, kowace ta cuɗa wa 'yar'uwarta baya. Nan kaɗai bakin Mal-sun ke buɗewa, don ba ta iya faɗin damuwarta ana kallon idonta. Yau kuwa ta zo da abin da in ba ta sauke shi ba, zai kashe ta.

"Yaya, ba maganar abinci ba ce. Jiya da na miƙa masa shinkafa..."

"Shinkafa! Ai ita ke daskarar da ƙwaƙwalwa. Sha'ir za ki sa masa."

Mal-sun ta haɗiye sauran. Jiya mijinta Deok-su, wanda ciwon mantuwa ke ci, ya karɓi kwanon da hannu biyu, ya rusuna mata kamar yadda ake yi wa baƙuwa. Ya ce, baiwar Allah, ko kin ga matata? Ta fita ba ta dawo ba. Mutumin da a da ko numfashinta ya sauya sai ya ajiye jarida ya juyo!

"Bai gane ni ba, Yaya."

"To sai me? Nawa yana da hankalinsa ma bai taɓa gane ni ba!" Bok-rye ta ƙyalƙyale da dariya har matan gefe suka taya ta. "Ki gode yana raye. Ki daina wannan fuskar, za ki tsufa."

Hawaye suka zubo wa Mal-sun, tururi ya rufa musu asiri. Hannun da ke bayanta mai ƙauna ne, ta sani, yana cuɗawa da ƙarfi har fata ta yi ja. Ina ma zai tsaya cik, ko na numfashi ɗaya.

Bai tsaya ba.

Mal-sun ta miƙe da kumfa a kafaɗarta.

"Ke, ban gama ba!"

"Gida zan tafi, Yaya. Shi zan gaya wa. Bai san ko ni wace ce ba, amma zai bari in kai ƙarshe."