Gashin Bakin Lovre

A jiragen yaƙin Venis ba a tambayar matuƙi ko shi wane ne, fuskarsa ake kallo. Fursuna aske masa kai da fuska ake yi ƙwal. Ɗa kuwa, wanda tsibirinsu ya bayar don ya ja filafili wata goma sha takwas, ana bar masa gashin baki. Mai gashin baki ba a sa masa mari a ƙafa, in faɗa ya tashi a ba shi takobi, in wa'adinsa ya cika ya koma gida. Marar shi kuwa sai ranar da aka jefa gawarsa a teku.

Lovre, mutumin tsibirin Hvar, shi ne a bakin filafilin farko, da shi sauran ke daidaita tuƙi. Shekara talatin yana kiwon nasa gashin bakin, yana murza shi da man zaitun ko da miyar wakensa ba ta ga ɗigo ba. A gefensa Vicko yake zama, ƙanin matarsa Mande, mai bakin tsiya, saura masa sati uku ya gama.

Ranar da suka yi karo da 'yan fashin teku na garin Ulcinj da hantsi, aka jefo tukunyar wuta ta fashe a gaban Vicko. Bai mutu ba, amma gira da gashin baki duk sun babbake. An kori 'yan fashin, sai dai mai kula da matuƙa, wanda ya san kowa da sunan ubansa, ya tafi da harsashi a wuya. Aka aro wani daga jirgin da ke biye da su, Zanetto, mutumin da bulalarsa ta fi kansa aiki. Yana hawowa ya bi layi yana duba leɓɓa, ya tsaya a kan Vicko.

"Wa ya kwance wannan? Maƙeri, kawo mari!"

Lovre ya miƙe. "Ranka ya daɗe, ɗa ne. Wuta ce ta cinye masa. Ƙanin matata ne."

"Ko ƙanin uwarka ne. Ni abin da na gani na sani."

Vicko ya yi ƙoƙarin dariya da kumburarren baki. "Bar shi, Yaya. Dama Mande ta ce ban dace da gashin baki ba." Amma da guduma ta sauka a kan ƙusar marin, muryar ta ɗauke. Kowa ya san sauran: wanzami na bin fursunoni duk Asabar, gashin ba zai ƙara tsirowa ba, kuma in an isa tashar Zadar za a raba fursunoni a wasu jirage inda ba mai shaidarsa.

Lovre ya ji tsoro ƙwarai, ya kuma ji haushin da ya fi tsoron. Ya nufi wanzami ya miƙa hannu.

"Ara mini askarka."

"Baba Lovre, ka haukace?"

"Na ce ara mini."

Ko ruwa bai shafa ba. Ya kankare ɓangaren dama, ya kankare na hagu, jini na bin haɓarsa. Ya dawo ya zauna ya miƙa wa Zanetto ƙafa. "To, ga wani fursunan. Abin da ka gani ka sani."

Zanetto bai yi wata-wata ba, ya sa aka buga masa mari. Lovre ya ajiye askar a kan benci, bai kalli kowa ba, bai roƙi kowa ba. Can sai Stipan, wani ɗan Hvar da ko gaisuwa ba sa yi da Lovre saboda rigimar iyakar gona, ya ja tsaki ya ɗauka, ya kankare nasa. Daga shi ta wuce benci na uku. Kafin azahar mutanen Hvar ashirin da shida sun zauna da leɓe tsirara, maƙeri ya ce marinsa ya ƙare.

Kyaftin ya fito ya dubi jiragen 'yan fashi biyu da har yanzu ke shawagi daga nesa, ya dubi mutanen da doka ta hana shi ba su takobi. Ya zagi Zanetto ta uwa ta uba, ya ce a cire wa duk ɗan Hvar mari.

Na Vicko aka fara cirewa. Ya juyo zai yi tsokanar da ya saba, ya ga fuskar mijin yayarsa, sai ya kasa.

"Yaya…"

"Rufe mini baki ka kama filafili," in ji Lovre, hawaye na shiga masa inda aska ta yanka. "Ni na ce wa Mande zan dawo da kai."