Ya Rame

Duk kasuwar shanu ta Mubi babu wanda bai san Hamman ba, kuma babu wanda bai gaji da bakinsa ba. Kiwon bijimai ne sana'arsa, kuma tsakani da Allah ya iya. Ka ba shi san da ake ƙirga haƙarƙarinsa daga tsallaken titi, kafin ka waiwayo ya mai da shi wani ƙato mai tozo har yana rinjaya gefe. Taƙamarsa ɗaya ce, a wurin mai shayi da ƙofar masallaci, har da gidan makoki: "Ni abu bai taɓa ramewa a hannuna ba."

Matarsa Hapsatu ta fi kowa jin wannan magana, ta kuma fi kowa sanin iyakarta. Wata rana ta tashi da zazzaɓi, ta fito tana layi, sai ta tarar ya kwance kujerar bayan motarsa ya ɗora maraƙi zai kai wa likitan dabbobi. Ita kuwa ya tsayar mata da keke napep, har da ce wa direban ya bi a hankali. Daga asibiti ba ta dawo gida ba, ta zarce Maiha gidan yayanta Bobboi.

Hamman ya yi aike ya gaji. Daga ƙarshe Bobboi ya yanke magana: ya zo da kansa ranar Juma'a kafin la'asar, a cikin motar nan, da kujerarta a ɗaure. In la'asar ta yi ba a gan shi ba, Hapsatu za ta bi goggonsu Kamaru aikin girbi, kuma wanda ya bi goggon nan ba a sa masa ranar dawowa. Hamman bai gaya wa kowa ba, amma tsoro ya kama shi sosai, don gidan ya yi masa faɗi.

Ranar Juma'a da hantsi ya mayar da kujera, ya kankare kashin shanu, ya murza makulli. Motar ta tashi tana karkarwa kamar mai jin sanyi. Wata 'yar wuta ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari, ta ƙura masa ido. Da ya ɗaga ƙafa daga totur sai inji ya mutu. Haka ya lallaɓa ta, tana tafiya tana suma, har garejin Kaumi da ke bayan kasuwa.

Kaumi bakanike ne ɗan Borno, kuma kwanan nan ya sayo wata na'ura mai girman tafin hannu, wadda ake jona wa mota ta faɗi ciwonta. Mutane suna ce mata kwamfuta. A cikin safa yake ajiye ta, kuma ba ya taɓa ta sai ya wanke hannu da omo.

"Alhaji, zauna a ciki. Kunna makulli amma kar ka tayar," in ji Kaumi.

Ya durƙusa, ya zura igiyar na'urar ta tsakanin gwiwoyin Hamman, ya lalubo soket a ƙarƙashin sitiyari ya jona. Na'urar ta yi ƙara, ta yi ɗan tunani, ta fito da lamba da layin Turanci. Turancin Kaumi na sayen kayan gyara ne, bai kai nan ba, don haka ya ɗauki hoton rubutun da wayarsa, wayar ta fassara. Ya karanta, ya sake karantawa, ya dubi Hamman da tausayi.

"Alhaji, ya rame."

"Wa?"

"Haka ya ce. Ya rame ƙwarai."

To, wanda bai zauna Mubi ba sai an yi masa bayani. A bakin yawancin mutanen garin "ya" ɗaya ce ke ɗaukar kowa: mota ya tafi, akuya ya haihu, amarya ya yi kyau. Ba mai ruɗewa, sai a rana irin wannan. Hamman ya dubi igiyar da ke tsakanin ƙafafunsa, ya janye gwiwarsa da sauri.

"Motan nake nufi," in ji Kaumi.

Da ya ce Hamman ɗin ne ya rame ma da ya fi sauƙi. Mota a hannun Hamman, ta rame! Kafin a ce haka magana ta tsallaka katanga ta shiga kasuwa. Na farkon zuwa shi ne Dawuda, abokin hamayyarsa a kiwo, wanda ya daɗe yana roƙon Allah ya nuna masa irin wannan rana. Ya zagaya motar hannu a baya, ya daddaɓa ƙugunta, ya leƙa gabanta kamar mai duba haƙora.

"Wallahi na daɗe ina gani, kunya ce ta hana ni faɗa. Dubi bayanshi, duk ya zube. Hamman, ka ba shi maganin tsutsa kuwa?"

Hamman ya fito yana huci. Ya aika aka sayo fetur a jarka, aka ɗura har tanki ya yi amai. Ya sa aka ƙara baƙin mai. Ya sa aka ƙara wa tayoyi iska don su yi kumari, aka tura motar inuwar darbejiya ta huta, shi da kansa ya shafa mata baya yana yi mata magana da Fulatanci. Aka sake jona kwamfuta. Ta yi tunaninta, ta maimaita abin da ta faɗa, ko wasali ba ta canza ba.

"Akwai wani dabara," in ji Kaumi. "Kwamfuta yana iya goge laifi."

"Tun ɗazu kana da wannan ka bar ni ina shan rana? Goge!"

Kaumi ya danna, wutar ta mutu. Hamman ya ɗaga hannu sama yana kallon Dawuda. Ya ja motar ya zagaya kasuwa don kowa ya shaida, amma kafin ya dawo bakin gareji ta soma karkarwarta, wutar ta sake buɗe ido.

"Kwamfuta ya yafe," in ji Kaumi yana sosa ƙeya, "mota ne bai yafe ba."

Aka tafi masallaci aka dawo, rana ta karkata. Hamman ya daina ihu, abin da ya fi tayar wa mutane hankali ke nan. Yana ta duban hanyar Maiha. Kaumi ya ga abin ya wuce wasa, ya kira maigidansa na Maiduguri wanda ya koya masa aiki, ya karanta masa lambar. Ya saurara yana gyaɗa kai, ya kashe waya.

"Oga ya ce ramewan inji ba na abinci ba ne. Ya ce iska ne ya shige shi. Iska ya yi yawa, ya fi ƙarfin mai."

Taron ya ja da baya a tare, ana a'uzubillahi. Wani ya ce dama ya taɓa ganin motar ita kaɗai a gindin tsamiya. Dawuda, da yake mugunta ba ta hana shi tsoro ba, ya ruga ya karɓo kasko da garwashi wurin mai tsire, ya zuba turaren hayaƙi, ya ce a buɗe bonet a tayar da inji a kori ko ma wane ne. Hamman ya riƙe totur da ƙafa, Dawuda yana kewaya inji da kasko daga nesa-nesa yana karatu.

Sai hayaƙin ya yi abin mamaki. Maimakon ya tashi sama, wani siririn zare daga cikinsa ya lanƙwasa, ya nufi bayan inji, ya shige wani wuri ya ɓace.

"Ga shi can yana sha!" Dawuda ya yar da kasko ya yi tsalle.

Kaumi bai gudu ba. Ya bi zaren hayaƙin da ido, ya zura hannu, ya ɗora yatsa a kan wani ɗan bututu da ke tsaye tsirara yana tsotsar iska. Nan take karkarwar ta tsaya, inji ya kwantar da murya. Ya ɗaga yatsa, ta dawo.

"Alhaji, nan akwai ƙaramin tiyo na roba. Wa ya cire?"

Sai Hamman ya tuna. Shekaranjiya Ciyaman, babban bijiminsa, ya ƙi shan ruwan kanwa. Ya nemi abin ɗura ya rasa, sai ya buɗe mota ya ga wani tiyo yana zaune ba ya aikin komai, ya zare shi. Har yanzu yana rataye a turken Ciyaman.

Ya tare keke napep ya yi gida. Ciyaman yana ganinsa ya taso yana lasar hanci, yana jiran ɗura. Hamman ya kauce masa ido, ya kwance tiyon ya fita, sa yana kuka a bayansa. Da ya dawo gareji, Kaumi ya busa tiyon, ya mayar, ya goge laifin. Aka zagaya kasuwa, wuta ba ta dawo ba. Aka jona kwamfuta, ta ce ba ta ga komai ba.

A hanyar Maiha Hamman ya shirya jawabinsa tsaf. Zai fara da haƙurin zaman aure, ya bi ta tsadar dusa, ya rufe da taƙamarsa ta kullum. Ya iso ladan yana gyaran murya zai kira la'asar. Bobboi yana zaune a ƙofar gida, ya amsa sallama, ya tashi ya leƙa bayan mota, ya danna kujera da hannu, ya shinshina, sannan ya aika ciki.

Hapsatu ta fito. Hamman ya dube ta da idon sana'a, ba da niyya ba. Kumatunta sun ciko, wuyanta ya yi sumul, awarwaron da ke yawo a hannunta a gidansa yanzu ya zauna daram. A hannun wani ta yi wannan kyau, kuma shi ya fi kowa sanin abin da hakan ke nufi. Jawabin ya watse.

Ita ma ta tsaya tana kallo, ta daɗe. Sannan ta juya wajen yayanta.

"Bobboi, ya rame."

"A'a, an gyara!" Hamman ya yi wuf. "Tiyo ne kawai. Kwamfuta ma ya ce ba komai, ki tambayi Kaumi."

Hapsatu ba ta ko kalli motar ba. Idonta yana kan agogonsa da ya zame har tsakiyar dantse, da rigar Juma'arsa da ke lilo a kafaɗa kamar an shanya ta a igiya. Tun da ta tafi shayi da burodi yake ci a tsaye a bakin turke, bai taɓa lura ba.

Ta koma ciki. Hamman ya tsaya riƙe da makulli, yana jin ana tayar da iƙama, bai san ko ya yi nasara ko ya faɗi ba. Can sai ga ta da jakarta a kai, da kwanon tuwo a rufe a hannu. Ta wuce kujerar bayan da ya sha wahalar ɗaurewa, ta buɗe gaba ta zauna, ta miƙo masa kwanon ta taga.

"Je ka yi salla, ka zo ka cinye wannan tukuna," in ji ta. "Ba na bin direba mai jiri."